Kawu Ya Tafi Ban Ba da Labarin Ɓarnata Ba

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma, Kawu dai ya riga mu. Ranar wata Talata ya cika bayan azahar, a ɗakinsa a Tasawa, aka kai shi kafin magariba. Ƙanen mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Daga bakina abokan aiki suka ɗauki sunan, har ya zama ko wanda ya kusa sa'a da shi Kawu yake ce mashi.

Washegari aka zauna makoki ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida. Mutanen unguwa sun san shi tsohon ma'aikacin biro ne, wato ofis, mai zuwa masallaci da wuri, shi ke nan. Da hantsi ya ɗaga sai ga motoci masu ƙafa biyu suna ta tsayawa, ƙura har gira, kowa da jakar ordinata, wato kwamfuta, a baya. Waɗansu daga Mayahi, waɗansu daga Kanan-Bakache, waɗansu daga ƙauyukan da sai an yi maka kwatance sau biyu. Limamin unguwa ya matso kusa da ni ya ce, "Ɗana, su wane ne waɗannan masu jakunkuna? Almajiransa ne?" Na ce kusan haka ne, Malam. Ya gyaɗa kai ya ce bai taɓa sanin marigayin na da makaranta ba.

A cikin gida mahaifiyata ba ta yi kuka mai sauti ba. Ta riƙe carbi tana ta maimaita cewa ita ta goya shi, ita ya kamata ta riga shi. Matarsa kuwa, da na shiga gaishe ta, ta dube ni ta ce, "Ka zo?" Wani abokin aikinmu Bafillace daga Kanan-Bakache, wanda shekara da shekaru ba sa haɗuwa da Kawu ba su tsokani juna ba, ya zauna gefe ya rufe fuska da rawani. Can ya ce, "Yanzu wa zan ce ma tsohon Bahaushe mai yatsa biyu?"

Wayata kuma tana ta motsi a aljihu. Gurup ɗinmu na ma'aikatan baz ne ya cika da addu'a, kowa na rubuta wa ya kafa mu, wa ya koya mamu. Ban iya karantawa ba, domin lambar Kawu ba ta cikin gurup ɗin. Ni na cire ta da hannuna shekara biyu da suka wuce, kuma ya rasu ban maida ta ba. Akwai labarin da ya nemi in bayar a gaban 'yan'uwa na ƙi, shi ne ya raba mu. Saboda wannan labarin na zauna rubutu.

Bari in fara da aikin, don wanda bai san shi ba. Baz rumbu ne a cikin ordinata, inda biro ko ƙungiya ko asibiti ke tara sunayen mutane da bayanansu. Mu masu tsaron rumbun ba a tuna mu sai ranar da wani abu ya ɓace. Kawu da keken rubutu ya fara, yana buga takardun haihuwa. Ya haura arba'in kafin a aje mashi ordinata a gaba, kuma har ya mutu da yatsa biyu yake bugawa, da ƙarfi, kana daga waje kana jin sa kamar ana sussuka.

Ya sha ba mu labarin yadda taronmu na ma'aikatan baz ya samo asali. Wata matsala ta hana shi sakat sati biyu, sai ya haɗu da wani ma'aikacin Mayahi a tashar mota, suna jiran taksi ta cika. Hira ta kai hira, ashe mutumin ya sha wannan wahalar bara, cikin minti biyar ya faɗa mashi maganinta. Kawu ya ce duk hanya haushi yake ji. "Mu biyar ne ko shida a ƙasar nan duka, kowa na kuka a ɗakinsa shi kaɗai, kamar an hana mu gaisawa."

Sai ya sa Asabar ɗin farko ta kowane wata. Ba shugaba, ba sakatare, ba kujera. Tabarma ce a inuwa, mai masauki ya dama fura ko ya kwaɗa zogale, a jawo waya daga inda ake da kuran, wato wutar lantarki. Taron kuma yawo yake yi: wannan wata Tasawa, wata mai zuwa Mayahi, sai Kanan-Bakache, sai Gidan Amumune. Na sha yi mashi ƙorafin yashin hanyar nan, in ce Kawu mu da ke bakin kwalta me zai kai mu cikin rairayi. Ya ce, "Su da ke taho mamu kullum, bisa katifa suke tahowa?" Sau uku na ga moto ta kayar da shi, ya tashi ya fara duba jakarsa kafin ya duba gwiwa.

Abu biyu ne ba a tashi taro ba a yi su ba. Na farko musayar kopi. Kowa zai zo da kopin baz ɗinsa a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka ma ordinata, a kulle da kalmar sirri yadda mai ajiya ba zai iya buɗewa ba. Ka buɗe shi a gaban mutane a ga yana aiki, ka rufe, ka damƙa ma ɗan'uwan wani gari, ka karɓi na watan jiya. Kawu ya ce kopin da ke kwana ɗaki ɗaya da ordinata, in rufi ya yi yoyo tare za su jiƙe.

Na biyu shi ne mai wuya. Da an yi addu'a sai ya dubi mutane ya ce, "To, wa ya yi ɓarna?" Shi yake farawa. Wanda ya fi ba mu dariya shi ne na mutum biyu masu suna ɗaya, sunan uba ɗaya, ƙauye ɗaya, duka an rubuta an haife su ɗaya ga watan ɗaya, kamar yadda ake yi ma duk wanda ba a san ranarsa ba. Kawu ya ɗauka mutum ɗaya ne aka shigar sau biyu, ya haɗe su. Ashe ɗaya ya rasu. Sai ga mai rai ya zo neman takarda, Kawu ya duba ya ce mashi, "Bawan Allah, ai ka mutu bara." Yana ba da labarin yana dariya har da hawaye, in ya gama kuma ya gyara zama ya nuna mamu yadda ake tantancewa kafin a haɗe. Bayan tsoho mai furfura ya tona kansa haka, wa zai ji nauyin faɗin nasa? Ƙa'idar ita ce duk wanda aka ceto daga ɓarna, a taro na gaba shi zai ba da labari da bakinsa.

Mace ɗaya ce a cikinmu lokacin, 'yar'uwarmu ta Gidan Amumune. Kawu ɗiyata yake ce mata, mu kuma Yaya. Uwar 'ya'ya uku ce, tana riƙe da baz ɗin wata 'yar ƙungiya mai bin lafiyar mata masu ciki da jarirai a ƙauyuka. Kwana biyar kacal aka koya mata aikin aka bar ta da shi. Maigidanta bai son tafiye-tafiye, shi ya sa Kawu ya je har gida ya gaishe shi, ya ci tuwo, ya ce to in ba za ta zo taro ba taro zai zo mata. Haka Gidan Amumune ta shiga zagayen. Daga baya maigidan da kansa yake kawo ta Mayahi a moto, ya tafi kasuwa ya dawo ya ɗauke ta. Ba ta da yawan magana, amma duk ɓarnar da aka faɗa sai ta rubuta a wani kayen lakwal, littafin rubutun 'yan makaranta, mai shuɗin bango.

Ni kuwa na dawo daga karatu a Maradi da takarda da girman kai. Kawu ya koya mani rabin abin da na sani, amma ina ganin tabarmarsa ƙauyanci ce. Na samu aiki a wani proje na taimakon manoma a Tasawa, na buɗe mamu gurup a waya, na riƙa jawo mutane daga Maradi har Yamai. Kawu ya ji daɗi da farko. Yana turo saƙon murya mai tsawon huɗuba, ya fara da gaisuwar gida da ta gona kafin ya zo kan tambaya.

Sai ranar ɓarnata ta zo. Wata Laraba ce da safe, shef ɗina, shugabanmu na wurin aiki, ya ce in cire gidaje goma sha wani abu da aka shigar bisa kuskure a jerin masu karɓar iri. Umarnin gogewa layi biyu ne. Na farko yana cewa a goge, na biyu yana cewa waɗanne. Na rubuta su daidai. Ana yi mani magana ta taga, na ja linzamin ordinata na zaɓi layin farko kaɗai, na danna. Ordinata ba ta tambayi komai ba, ta share jerin kaf, aikin shekara biyu, ga damina ta ƙarato. Kopin da ke biro kuma ya kwana biyu ba ya buɗuwa, na sani, ina ta cewa zan duba.

Ban san lokacin da na isa gidan Kawu ba. Yana ba awaki dusa. Ya saurare ni, ya wanke hannu ya shiga ɗaki. A watan nan shi ke riƙe da kopina. Ya fito da kilen a cikin gwangwanin madara, ya hau bayan motona. Kafin azahar jerin ya dawo, sai 'yan kwanaki tara da na sake bugawa daga takarda. Shef bai taɓa sani ba. Da zan maida shi gida ya dafa kafaɗata ya ce, "Wannan mai kyau ce. Wannan za ta yi ma mutane amfani ranar Asabar."

Asabar ɗin kuwa ita ce babban taron da na yi wata uku ina shiryawa. Na samo zaure mai kujeru da fanka, na gayyato wani gwani daga Maradi, na gayyato shef ɗina ya buɗe taro. Tun da safe na ja Kawu gefe na ce yau a bar zancen ɓarna, akwai baƙi. Ya ce, "Baƙin ba su ɓarna?" Na ce Kawu aikina ne. Ya wuce ya zauna a kujerar baya, na ɗauka ya yarda.

Ana gama addu'a ya miƙe daga kujerar baya, da babbar rigarsa ta Juma'a, ya ce, "Kafin malamin Maradi ya fara, mu a nan muna da al'ada. Ɗana na da labari." Zaure ya juyo gare ni. Shef na murmushi, yana zaton wani abin yabo ne. Na ɗauki makirfo na ce, da Faransanci don ya fi ciwo, lokaci ya ƙure, tsofaffin al'adu sai wani jiƙon. Aka yi 'yar dariya. Kawu ya tsaya kaɗan, ya koma ya zauna. Bai fita ba, ya saurari gwanin har ƙarshe, har tambaya ya yi.

Bayan kwana biyu ya turo murya a gurup. Bai ambaci sunana ba. Ya ce akwai wata ɓarna da aka yi wadda kowa zai iya yi, yana roƙon mai ita ya faɗa, don shi ba ya ba da labarin wani. Na saurara sau biyu, zuciya ta ɗebe ni, na cire shi. Gurup ya nuna ma kowa cewa na cire Kawu. Bafillacen nan kaɗai ya rubuta, "Lafiya?" Na ce kuskuren hannu ne, zan gyara. Ban gyara ba.

Ba zan ce taron ya mutu ba, ƙaruwa ma ya yi. Muka tsayar da shi a Tasawa, wata uku sau ɗaya, da kujeru da lemu. Mutane suka yi yawa a gurup, ana turo sanarwar aiki da hotunan takardun shaida. Amma wa zai ce na share baz a gaban shef-shef da mutanen Yamai? Na ƙauye suka ja jiki, tafiyar ta yi masu nisa a kan jawabi. Musayar kopi ta tsaya ba tare da wani ya ce a tsayar ba. Ni ina ganin duk wannan ci gaba ne, wallahi haka nake gani a lokacin.

Kawu bai kai ƙarata wurin mahaifiyata ba, da ya kai da na sha. Muna haɗuwa a suna da biki, in durƙusa in gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi yara. Kullum ina cewa bayan salla zan same shi mu yi magana. Salla huɗu suka wuce.

Ana cikin haka labari ya zo cewa Yaya ta Gidan Amumune ta share baz ɗinta. Layin farko ta zaɓa ta bar na biyu, daidai yadda na yi. Kilen da ke wurinta zafi ya kashe shi, ba wani kopi a ko'ina. Sunayen mata da ranakun awonsu da allurar 'ya'yansu na shekara uku suka tafi. Kawu, da ciwon ƙafarsa, ya hau kabu-kabu ya je ya kwana uku can. Abin da ya iya cetowa kaɗan ne. Suka bi katunan takarda, rabi gara ta ci, rabi suna hannun mata a rugage. Ƙungiyar ta sallame ta. A gurup aka yi ta Allah Ya kyauta, wani ma ya rubuta cewa irin wannan sakaci ba ya faruwa ga wanda ya yi karatun abin. Na karanta, ni ke riƙe da gurup, ban ce uffan ba. Wannan shirun ya fi cire lambar Kawu muni, kuma ina jin kunyarsa har yau.

Ganina da shi na ƙarshe, mahaifiyata ce ta tasa ni gaba, ta ce ƙanenta ba lafiya ina yawon biro. Yana kwance, ya rame, ordinatarsa tsohuwa na kan kujera an rufe ta da zane. Ya ce, "Taron na nan?" Na ce yana nan, Kawu, mun yi yawa yanzu. Ya ce madalla. Ya ɗan huta ya ce, "Suna faɗin ɓarna?" Ɗakin ba kowa sai mu biyu. Ba shef, ba baƙo, ba abin da zan rasa. Na ce, "Wani lokaci." Ya dube ni, ya san ƙarya nake, ya ce in miƙo mashi ruwa. Sati uku bayan nan ya rasu.

Ranar sadakar uku Yaya ta zo. Na same ta a tsakar gida wajen mata, ta rame ita ma. Muka yi ma juna gaisuwa. Ta ce abin da ba za ta manta ba, a kwana ukun nan da ya yi wurinsu tana ta kuka tana cewa ita jaka ce, sai ya ce ta bar faɗin haka. Ya ce mata wani gwani mai takardar Maradi ya taɓa yin wannan ɓarnar, layi ɗaya, danna ɗaya. Ta roƙe shi ya faɗi ko wane ne, ya ce ba nasa ba ne da zai bayar. Ta ce, "Ka san har yau ina son in san mutumin? Ko don in ji ba ni kaɗai ba ce." Na ce Allah Ya jiƙan Kawu, na tashi kamar ana kirana a waje.

Kwana goma na yi ina juyi da maganar. Ranar kasuwar Gidan Amumune na hau moto na tafi. Yanzu tana da 'yar rumfa a bakin tasha, tana cajin waya da buga ma mutane takardu. Ta yi mamakin ganina, ta share mani benci, ta aika a sayo ruwan sanyi. Ban jira ruwan ba. Na ce, "Yaya, mutumin da Kawu ya ce, ni ne." Na faɗa mata duka, tagar da linzamin da gwangwanin madara da zauren da makirfo.

Ba ta yi fushi ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta cire wata waya daga caji ta sa wata, ta ce, "Ranar nan ina zaure. Na buɗe kayena na rubuta kwanan wata, ina jiran labarin." Ta dube ni ta ce, "Da ka faɗa, da na rubuta. Ni duk abin da na rubuta ban taɓa yin sa ba."

Na ce na sani.

Ta ce, "To kai ya aka yi ka tsira?"

Na ce kopina na wurin Kawu.

Ta ce, "Nawa a da wurin mutumin Kanan-Bakache yake kwana. Sai aka daina haɗuwa."

Wani ya zo karɓar wayarsa, ta tashi ta sallame shi. Da ta dawo na nemi gafararta. Ta ce ta yafe nata. Ta ce amma akwai matan da aka daina zuwa neman su ranar awo don sunansu ya ɓace, waɗannan ba ta san inda zan same su ba. Ruwan ya iso, ta miƙo mani ta ce in sha, hanya da nisa.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo maKa. Ya rufa asirin wanda ya wulaƙanta shi a gaban jama'a, ya riƙe har kabari. Ka rufa nasa, Ka yalwata mashi makwanci, Ka ba matarsa da 'yar'uwarsa haƙuri. Ni kuma na ba da labarin, Kawu, ga shi kowa ya karanta. Na makara da shekara biyu, kuma wadda ya kamata ta ji shi tana cajin waya a tasha.